Wace wuƙar aljihu ta Faransa za a sayo wa Baba?

Sanusi Maraɗi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanena Mustafa yana karatu a Clermont-Ferrand ta Faransa, zai zo hutu, mun haɗa kuɗi ni da shi za mu sayo wa Baba wuƙar aljihu mai naɗewa, aikin hannu, irin ta maƙeran Faransa. Baba malamin allo ne, ya haura shekara 70. Aikin wuƙarsa fiƙe alƙalami, fasa goro, fere mangwaro da rake, sai yanke igiya in ya shiga wajen tumaki. Wadda yake riƙe da ita wasi ya cinye ta. Abin da muka ware jika 70 ne na sefa, Yuro 100 da 'yan kai ke nan. Mustafa ya turo min hotuna rututu, wata ƙotar ƙaho, wata ta itace, wata ta ƙarfe, kaina ya ɗaure. Masana, wacce za mu ɗauka?

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, Allah ya yi muku albarka kai da ƙanenka. In kyautar girmamawa ce ga mahaifi, ni ban ga abin dogon tunani ba. Laguiole mai ƙotar ƙaho, wadda tsawonta santimita 12 ne in an naɗe ta. Ita ce wuƙar da in dattijo ya zaro a majalisa sai an ce "miƙo mu gani". Siririya ce, ƙotar ta ɗan lanƙwasa ta zauna daram a tafin hannu, an bi ƙarfen bayanta da magagari an yi masa zane, ga ɗan ƙudan zuma a wuyanta. Asalinta ta makiyaya ce, daga wani ƙauye mai wannan sunan a tudun Aubrac, kudancin Faransa, ƙasar shanu da cuku. Ana danganta farkonta ga Pierre-Jean Calmels a 1829. Wajen 1840 aka ƙara mata tsinken ƙarfe, don in saniya ta ci ɗanyar ciyawa cikinta ya kumbura, makiyayi ya huda tumbin iska ta fita. Ka ga mai tumaki ba baƙonta ba ne.

Injiniya Bashir: Alhaji ranka ya daɗe, ban musa kyanta ba, amma a ja wa Mustafa kunne tun kafin ya fitar da kuɗi. Sunan Laguiole a jikin wuƙa ba shaidar komai ba ne. Ba kamfani ɗaya ke da shi ba, suna ne na ƙauye da na siffa, shi ya sa masana'antun Sin da Pakistan suka cika duniya da wuƙaƙe masu wannan suna da wannan ƙudan zuma. Ko a cikin Faransa ma, maƙeran ƙauyen Laguiole da na garin Thiers sun daɗe suna jayayya a kan wa ya cancanci sunan, har gaban kotu, domin ƙirar ta kusa mutuwa a ƙauyen a ƙarni na 20, mutanen Thiers ne suka ci gaba da yin ta, sai a 1987 aka buɗe Forge de Laguiole aikin ya dawo gida da ƙarfinsa. To abin da zai duba a ruwan wuƙar shi ne sunan wanda ya ƙera, da nau'in ƙarfen. In ya ga Forge de Laguiole, ko Laguiole en Aubrac, ko Honoré Durand, ko Fontenille Pataud na Thiers, waɗannan gidaje ne da aka san ƙofarsu. In kuwa "Laguiole" kawai aka buga, ga kwali mai ƙyalli, ga takardar shaida mai hatimi, kuma Yuro 15, ya ajiye musu abinsu.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Wannan haka yake Injiniya. Araha ba ta ado. Ta gaske a girman da na faɗa daga wajen Yuro 100 take farawa, ta yi sama. Kuma ya kalli ƙudan: a mai kyau, da shi da ƙarfen baya abu ɗaya ne, tare aka ƙera su aka sassaƙa. A ta ƙasa da ita liƙa shi ake yi da walda.

Malam Habu Damagaram: Ku dai kuna ta zancen wuƙar ado. Sanusi ɗan'uwa, Baba aiki zai yi da ita ko a sa a kabad? Opinel lamba 8, baƙin ƙarfe, shi ke nan. Ba ta kai Yuro 20 ba. Ruwanta santimita 8 da rabi, marar kauri, in ka wasa ta aski take yi. Wajen fiƙe alƙalami ban san wadda ta fi ta ba. Sauran kuɗin ku saya masa rawani.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Malam Habu, yaron nan cewa ya yi aikin hannu. Opinel inji ke fitar da ita, miliyoyi a shekara, a masana'antarsu ta Chambéry.

Malam Habu Damagaram: Ban ce ba inji ba ne Alhaji. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tun 1890 Joseph Opinel ya fara ta a tsaunukan Savoie, a 1897 ya jera ta lamba 1 zuwa 12, har yau siffar ba ta sake ba domin babu abin gyarawa. Abin da aka ƙara mai muhimmanci shi ne zoben nan na wuya, na 1955, wanda in ka buɗe ka murɗa shi ruwan ba zai rufo maka a yatsa ba. Laguiole ɗinka fa? Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne kawai, wato ƙarfen bayanta, ke riƙe ta.

Injiniya Bashir: Kowannenku da gaskiyarsa, amma akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi damuna: yanayinmu. Waɗannan wuƙaƙe an yi su ne a ƙasa mai laima. Ƙaho da itace duka suna shan danshi suna amayarwa. Ka ɗauko ƙotar ƙaho daga Aubrac ka kai ta Maraɗi ta sha hunturu, ƙahon zai tsuke, bakin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fito yana kartar hannu, wani lokaci ya tsage daga wajen ƙusa. Musamman in ba tsinin ƙahon ba ne. Ƙaho iri biyu suke amfani da shi. Akwai tsininsa, wanda yake a cike, shi ake yankowa a fere, ya fi tsada ya fi ƙarko. Akwai kuma gindin mai rami, wanda ake gasawa a danne shi ya miƙe. Wannan na biyun shi ne in ya sha zafi yake neman komawa lanƙwasarsa ta da. Ita kuma Opinel, tun da ruwan a cikin tsagar itace yake kai tsaye, da damina itacen kan kumbura ruwan ya maƙale, da rani ya saki ya yi lako-lako. Su kansu mutanen Savoie sun san da haka, dabararsu ita ce a ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan tebur sai ruwan ya leƙo.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Injiniya, ƙahon shanunmu a ina yake kwana? Ba cikin hunturun ba? Tawa ta tsinin ƙaho ce, ta daɗe a aljihuna a nan Kano, lafiyarta ƙalau. Ɗan man kaɗanya nake shafa mata in iska ta taso, kuma ba na barin ta a gaban mota rana ta dake ta.

Injiniya Bashir: Ƙahon da ke kan saniya mai rai daban, wanda aka yanko aka yi falle aka ɗaure da ƙusa a jikin ƙarfe daban, Alhaji. Amma na yarda, tsini da mai da inuwa suna kai shi nesa.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu, na ga ya kamata in sa baki tun da an ce Baba malami ne, kuma wuƙar aljihu da ita ake shiga salla. Abu uku. Na farko, ƙahon nan ba a san na wace dabba ba ne, yankakkiya ko mushe. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta faɗa ƙarara cewa ba a amfani da ƙahon mushe da kofatonsa da haƙoransa, kuma an karhanta hauren giwa. Hanafawa suna ganin ƙaho da ƙashi masu tsarki ne, to saɓani ne na malamai, amma Baba ya san wannan babin fiye da ni, kuma na tabbata tambayar farko da zai yi ke nan in ya riƙe ta. Na biyu, a cikin kayan ƙotar da suke yi har da hauren gadu, wanda suke rubutawa phacochère. Mustafa ya kula da wannan kalmar. Na uku, ku ƙara girman hoton Laguiole ɗin da Alhaji yake so, ku kalli gefe ɗaya na ƙotar. Ƙananan ƙusoshin nan da aka jera kewaye da ta tsakiya gicciye ne. Ana cewa makiyayansu in suna kan tudu nesa da coci sukan kafa wuƙar a jikin burodi su yi addu'a a gabanta. Abin addininsu ne, muna girmama musu, amma ba kyautar da za a miƙa wa malamin allo ba ce ba tare da ya sani ba.

Sanusi Maraɗi: Allahu akbar. Ustaz, Allah ya saka da alheri. Na duba hoton yanzu, ga shi nan kuwa, ni na ɗauka ado ne kawai.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Ustaz ya yi gaskiya a kan gicciyen, amma ba dole ba ne. Akwai waɗanda ba su da shi, kuma in ka yi oda ka ce kada a sa, ba za a sa ba. Haka murɗaɗɗen ƙarfen nan na zare toshiyar kwalbar giya, wanda aka ƙara wajen 1880 lokacin da mutanen yankin suka kwarara Faris aikin gidajen shan shayi da barasa, shi ma ana yin ta babu shi. A ce wa mai kanti ruwa ɗaya kawai ake so. Zancen ƙaho kuwa, to, in Baba zai yi waswasi a sake da itace. Laguiole ɗin dai nake kare wa, ba ƙahon ba.

Hajiya Rabi Liyon: Sannunku da muhawara. Ni nan Faransa nake da zama, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne Mustafa yana Clermont-Ferrand amma ana ta aika hotuna. Ɗana, Thiers fa a bayan gidanka take, ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Garin ne ke fitar da mafi yawan wuƙaƙen ƙasar nan, sun fi shekara 500 suna wannan sana'a. A kan gangaren dutse yake, ƙarƙashinsa kogin Durolle, wanda ƙarfin ruwansa ke juya duwatsun wasi a zamanin da. Akwai gidan tarihi na ƙirar wuƙa a tsohon gari. A nan za ka ga yadda masu wasi ke aiki a da: mutum ya kwanta rub da ciki a kan katako, dutsen na juyawa a ƙarƙashinsa, ya danna ruwan wuƙa da nauyin ƙirjinsa tun safe har dare, karensa na kwance a kan ƙafafunsa don ya ɗumama shi saboda sanyin ruwa. Duk watan Mayu kuma suna baje kolin maƙera mai suna Coutellia.

Suna da wuƙar garinsu, Le Thiers, wadda ƙungiyar maƙeran garin ta fitar a 1994, kuma dalilin fitar da ita shi ne ainihin matsalar da Injiniya ya faɗa. Sun ga yadda sunan Laguiole ya zama na kowa, sai suka yi rajistar tasu. Ba mai buga wannan suna sai ƙungiyar ta duba samfurinsa ta amince, kuma dole a yankin Thiers aka yi ta. Za ka ga harafin T da ɗigo a ruwan, da sunan maƙerin, kamar Chambriard ko Goyon-Chazeau. Babu ƙuda, babu gicciye, layi ne mai laushi kawai. In tsoron jabu ne damuwarku, wannan ta fi kwanciyar hankali.

Audu Ɗan Maƙera: Ku yi haƙuri jama'a, ni abin yana min ciwo. Jika 70 za a kwasa a kai wa maƙerin wata ƙasa, ga namu a zaune a gindin zuga-zugi ba ciniki. Mahaifina da guntun sifirin mota yake ƙera wuƙar da mahauci zai yi shekaru yana fiɗa da ita. Da wannan kuɗin sai a yi wa Baba wuƙa ta gani ta faɗa, a kai wa dukawa su yi mata kube da jan fata, a ba shi canji.

Malam Iliya Mahauci: Audu, a wajen fawa ina bayanka ɗari bisa ɗari. Wuƙar yanka da ta fiɗa, ta maƙeranmu nake riƙewa. Kuma Sanusi ka ji da kyau, duk wadda kuka sayo cikin waɗannan, kada ranar layya wani ya ce zai kwantar da rago da ita. Gajeru ne, kuma mai naɗewa ba ta wannan aikin ba ce, azabtar da dabba ne kawai, ga jini ya shige maƙogwaronta ya ƙi fita. Amma Audu, ta aljihu wani fanni ne. Wahalarta a haɗin take, ruwa ya shige ƙota daidai tsakiya, ba ya gogar gefe, ba ya girgiza. Wannan sai da kayan awo da namu ba su da su tukuna.

Audu Ɗan Maƙera: Kayan awo ne ba mu da su Malam Iliya, hannu kam akwai. Hajiya, don Allah wata tambaya: a can mutum ɗaya ne ke yin wuƙa daga farko har ƙarshe?

Hajiya Rabi Liyon: A Thiers ta da, a'a. Rarraba aikin suke, wani ya ƙera ruwa, wani ya ba shi horon wuta, wani wasi, wani ƙota, a kai wa manoman ƙauyukan kewaye su haɗa a gida lokacin da ba aikin gona. Yanzu a gidajen da ake ji da su, ruwan da sifirin sukan zo a shirye, sai mutum ɗaya ya zauna ya haɗa, ya fere ƙota, ya yi zanen baya, ya goge. Abin da galibi suke nufi da aikin hannu ke nan. Wanda zai dake ƙarfen da kansa a kan uwar maƙera ya yi komai shi kaɗai yana nan, amma kuɗinsa ya ninka na Sanusi sau da yawa.

Injiniya Bashir: Mu dawo kan ƙarfe, don shi ne wuƙar. Zaɓi biyu ne a wannan kuɗin. Baƙin ƙarfe, wanda suke bugawa carbone ko XC75, a Opinel kuma XC90. Lambar tana nuna yawan sinadarin kabon, kashi 0.75 ko 0.9 cikin 100. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan kowane dutse, amma yana tsatsa in an bar shi da jiƙa, kuma goro da mangwaro da lemo za su mayar da shi toka-toka zuwa baƙi. Wannan baƙin ba lalacewa ba ne, har kare shi yake daga jar tsatsa, sai dai a farko yakan bar ɗan ɗanɗanon ƙarfe a jikin 'ya'yan itace. Na biyu marar tsatsa, inox. Wanda Faransawa suka fi sa wa wuƙar aljihu shi ne 12C27 wanda kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro, kabon kashi 0.6, kuromiyom 13.5, ko ƙanensa 14C28N. Ni shi zan zaɓa wa Baba. Ba irin marar tsatsan nan ba ne na wuƙaƙen kasuwa da ake wasawa har a gaji bai ci ba.

Abin da zan hana shi ne mai zanen ruwa-ruwa da ake kira damas. Na gaske ƙarfe iri biyu ne aka ninka aka dake falle a kan falle, kuma ba a samun sa a Yuro 100. Wanda za a ba ka a wannan kuɗin ko dai zanen a sama kawai yake, ko ba a san da wane ƙarfe aka yi shi ba.

Malam Habu Damagaram: A nan kam ban bi ka ba Injiniya. Mutumin da ya yi shekara 50 yana fiƙe alƙalami da baƙin ƙarfe ya san goge wuƙa a gefen zane in ya gama. Tsatsa ba matsalarsa ba ce, kuma Maraɗi ba bakin teku ba ce. Tsaga bakin alƙalami yana son kaifin da ake tayarwa da shafa biyu a kan dutse, baƙin ƙarfe ne ke ba da wannan.

Sanusi Maraɗi: Gaskiya Baba yana da ɗan dutsensa a cikin gafaka, kullum kafin ya fara rubutu sai ya shafa. Kuma yana raina farar wuƙa, cewa yake ta kicin ce.

Injiniya Bashir: To ka amsa da kanka. A ba shi carbone.

Malam Habu Damagaram: Tun da an zo nan bari in kawo wadda ta fi kusa da mu a duk cikinsu, Douk-Douk. Gidan Cognet na Thiers ne suka fito da ita a 1929. Babu itace babu ƙaho, fallen ƙarfe ne aka ninka ya zama ƙota, sai ruwa, sifirin, ƙusa biyu da ɗan maratayi. Hunturu da damina duk ɗaya ne a wajenta. Don tsibiran Melanesiya aka yi ta, har aka zana wani dodon al'adarsu a ƙotar, amma can ba ta karɓu ba, sai ta sami kasuwa a Aljeriya da sauran arewacin Afirka, daga nan ta gangaro ƙasashen da Faransa ta mallaka. Saboda Musulmi da ba sa son hoton dodon suka yi wata mai farar ƙota, El Baraka, wadda aka zana mata tambarin Agadas, irin wanda maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa. Sanusi, wuƙar Faransa mai tambarin ƙasarka, baƙin ƙarfe, shafal a aljihu, kuma ko rabin kuɗinku ba za ta ci ba.

Malam Iliya Mahauci: Na san ta. Ƙarfenta na da kyau ƙwarai. Amma sifirin ɗinta fa da tauri, Malam Habu, kuma ƙotar ba ta da kauri, in ka daɗe kana fere rake sai ta ci maka tafin hannu. Ga saurayi ba laifi. Sanusi, yaya yatsun Baba? Yana iya jan abu mai tauri da farce?

Sanusi Maraɗi: Kai, Malam Iliya ka taɓo inda ke ciwo. Babban yatsansa na dama yana damunsa da sanyi, ko murfin kwalba wani lokacin sai an buɗe masa.

Malam Iliya Mahauci: To wannan ita ce maganar, ta fi ƙaho da ƙuda duka. Alhaji ka yi haƙuri, Laguiole ma ta faɗi a nan. An yi sifirin ɗinta da gangan ya yi tauri tun da shi ne makullinta. Dattijo mai ciwon yatsa zai yi kokawa wajen buɗewa, wajen rufewa kuma ta kuɓuce masa ta datse.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Ba a sakin ta dama, rakiya ake mata da hannu har ta kwanta, domin a tsohuwar ƙira bakin ruwan yana dukan sifirin in aka sake ta, sai kaifin ya yi giɓi. Sababbin suna da abin tokarewa a ciki. Amma zancen yatsa ba ni da ja. Akwai masu laushi, sai dai a gwada da hannu, hoto ba zai nuna ba.

Hajiya Rabi Liyon: In haka ne akwai wadda ba a ambata ba, Nontron. Ƙaramin gari ne a Dordogne, yankin Périgord, kuma ana ɗaukar tasu a matsayin mafi daɗewa cikin wuƙaƙen aljihun ƙasar. Tsarinta irin na Opinel ne, babu sifirin sam, ruwan a sanyaye yake fitowa, sai ka murɗa zoben tagulla ya kulle. Bambancin shi ne ita da hannu ake haɗa ta, mutum ɗaya ke ɗaukar wuƙa ya kai ta ƙarshe. Ƙotar itacen buis ce, ruwan zuma, mai tauri da santsi, sai ya sha shekaru yana bushewa kafin a taɓa shi, kuma yana ƙara duhu da kyau in hannu ya daɗe a kansa. Adonta da wuta ake ƙonawa, ɗige-ɗige da wata alama mai kama da baka da ɗigo uku. Gindin ƙotar iri-iri ne, akwai dunƙulalle, akwai mai wutsiyar kifi, akwai mai kama da takalmin katako. Ana yin ta da carbone, kuma tana cikin kuɗinku.

Audu Ɗan Maƙera: Ado da wuta a jikin itace, ai irin na masu zanen ƙwarya ne a wajenmu. Wannan kam Baba zai gane ta da gani.

Ustaz Nura: Itace ne, babu waswasin tsarki. Ni ma na fi natsuwa da wannan.

Injiniya Bashir: Buis zaɓi ne mai kyau, ƙwayarsa a matse take, bai kai itacen Opinel na yau da kullum shan ruwa ba. Sai dai tun da nan ma ruwan cikin itace yake, za ta ɗan saki da rani. Kada a jiƙa ta a ruwa, gogewa kawai, ɗigon mai a wuya lokaci-lokaci. In kuma Le Thiers ko Laguiole aka koma, ga yadda nake ganin itatuwan: zaitun yana da kyan zane amma yakan tsage a bushewa mai tsanani, genévrier ƙamshi gare shi mai yaji-yaji da ba ya gushewa da wuri, ébène baƙi ne wuluk, dangin kanyarmu ne, da nauyi da tauri. Wanda ya fi jure yanayinmu shi ne itacen da aka ɗirka wa roba a ciki, suna rubuta stabilisé.

Mustafa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, Yaya Sanusi ya saka ni a zauren, na karanta duka. Allah ya saka. Asabar in sha Allahu zan shiga Thiers. Me zan duba in na riƙe wuƙa a hannu?

Malam Iliya Mahauci: Buɗe ta da hannun hagu, da farcen ƙaramin yatsa in zai yiwu. In ta ba ka wuya, Baba ba zai iya ba. Sannan ka kama ruwan ka girgiza hagu da dama, kada ka ji motsi. Ka rufe ka leƙa, ruwan ya kwanta tsakiya, tsinin kada ya leƙo waje ya yaga aljihu. Ka bi ƙotar da yatsa ido a rufe, inda itace ya haɗu da ƙarfe kada ka ji tudu.

Hajiya Rabi Liyon: Kuma ɗana, in ka saya ka bar ta cikin kwalinta da rasit a ƙasan jaka har ka isa ɗaki. Dokar nan ta hana yawo da wuƙa ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, kada ka sa ta a aljihu ka shiga tasha. Ranar tafiya kuma a babbar akwati za ta, wadda ake aunawa, in ka bar ta a jakar hannu za su karɓe a filin jirgi.

Mustafa: Na dawo daga Thiers. Na gwada Laguiole da yawa, Alhaji, wallahi kyau kam ba a magana, amma duk wadda na taɓa a kuɗinmu da tauri. Na sami Le Thiers ɗaya mai ƙotar genévrier, sifirin ɗinta da sauƙi-sauƙi, sai dai inox ce. Nontron ɗin da na gani a wani kanti ita ma inox ce, amma na buɗe ta da yatsa biyu ba wahala, zoben ma na juyawa sumul. Mai kantin ya ce mai carbone sai an yi oda, za ta iso kafin tafiyata. Yaya, me ka ce?

Sanusi Maraɗi: Yi odar Nontron ɗin, buis, carbone, mai ruwa wajen santimita 8 zuwa 9, dunƙulallen gindi don kada ta huda masa aljihun riga. In ta iso ka sake yi mata gwajin Malam Iliya kafin ka karɓa. Audu, ka yi wa Baba magana a maƙera, muna son ta yanka guda mai kube kafin babbar salla, zan kira ka.

Alhaji Ɗanjuma Fagge: Allah ya sa Baba ya daɗe yana mora. Ni dai har yanzu ina nan a kan Laguiole, in Allah ya hore muku gaba ku nemo masa mai laushi ta zuwa majalisa.

Malam Habu Damagaram: Mustafa, in za ka koma karɓo odar ka tambayi El Baraka, matsakaiciya. Ka riƙo min biyu, zan ba Sanusi kuɗin.